Digirin waje ba gajeriyar hanya ba ce zuwa likitanci

Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana da iyaye a nan Sakkwato, musamman masu cewa yaro ya tafi waje ya yi ko wane kwas na kimiyya, in ya dawo sai ya zarce likitanci.

Haka kawuna ya faɗa ma Baba lokacin da makina na JAMB bai kai ba, aka sai da gona aka tura ni Sudan na karanta maikurobayoloji, na gama a 2022. Da na dawo na ɗauka kwalin nan zai rage mini shekaru, ashe ba haka abin yake ba. Fom ɗin DE (Direct Entry, na masu shiga jami'a da wani kwali a hannu) za ka saya, in an ɗauke ka aji biyu za ka shiga, wato saura shekara 5 cur daga cikin 6, bayan nan ga hausmanshif, wato aikin horo na sabon likita a asibiti, na shekara 1 yana jiranka. Kuma sai ma'aikatar ilimi ta tarayya a Abuja ta tantance takardarka ta waje, sannan kiredit biyar ɗin nan na WAEC ko NECO, Turanci da lissafi da fizik da kemistiri da bayoloji, digiri bai yafe maka ko ɗaya. Gurbin ma ɗan kaɗan ne, don MDCN, hukumar kula da aikin likitoci ta Najeriya, ke ƙayyade ma kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta ɗauka, ko Jami'ar Ɗanfodiyo da ke da asibitin koyarwa ba ta da ikon wuce nata kason.

Amma abin da ya fi ci mini rai tiranskirif ne, wato takardar da ke nuna darussan da ka yi a jami'a da makin da ka ci. Na baro Khartoum ban karɓa ba, na ce ai sai a aiko daga baya, mi za a yi ma gaggawa. Sai yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023. Ranar da na kai takarduna wani ofis, malamin ya juya fayil ɗina sau biyu yana kurɓar shayi, ya ce "ɗana ina tiranskirif?", na tsaya sororo ina zufa, ga takardun kuma da Larabci sai an fassara an buga hatimi.

Su Baba har yau "likita" suke kirana in na shigo gida, wallahi kunya nike ji. Ƙanena zai rubuta JAMB bana, na ce mishi in makin bai kai ba ya zauna gida ya sake, ni zan biya kuɗin lesin.

Naku,
Mai karatu daga Mabera, Sakkwato