Wasiƙa zuwa ga ɗana a Garwa, a kan keken da ya saya

Assalamu alaikum, ɗana. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali. Saƙonka ya iso, cewa likita ya ce nauyinka ya kai kilo 85, jininka ya fara hawa, har ka sayi keke. Madalla. Sai dai na ga ka rubuta wai cikin wata guda za ka zubar da kilo biyar. Zauna mu yi lissafi tukuna, don kada ka jingine keken a zaure cikin fushi bayan mako uku.

Abin da jiki ke ƙonawa ana auna shi da kalori, kuma ya danganta da nauyin mutum da ƙarfin tuƙinsa. Hanya mai sauƙi ita ce ka ninka nauyinka da wani adadi. Tafiyar shan iska, ƙasa da kilomita 16 a awa, ka ninka da huɗu: kalori 340 ke nan a awa ɗaya. Daga kilomita 16 zuwa 19, ninka da shida, wajen 510. In ka haura 20 kana haki, da takwas, 680, amma wannan ba naka ba ne yanzu. Sannan ka cire 85 daga kowanne, domin ko kana kishingiɗe a tabarma jikinka zai ƙone wannan a awa. Kilo ɗaya na kitse kuwa yana ɗauke da kalori kusan 7,700. In ka yi minti 45 kwana biyar a mako da matsakaicin gudu, ribarka wajen 1,600 ce a mako. Kilo ɗaya cikin mako biyar ke nan, in bakinka bai ƙara komai ba.

To nan gizo ke saƙa. Mai keke yakan dawo da yunwa, ya ga ai ya yi aiki, ya saka wa kansa. Ƙaramar kwalbar lemo mai gas tana da kalori wajen 140. Cokalin miya ɗaya na man gyaɗa 120 ne, ka kuwa san yadda fanke da ƙosai ke shan mai. Ƙwayar sukari ɗaya 20, shayi kofi uku da ƙwaya uku-uku 180. Kwalba ɗaya da fanke huɗu a bakin hanya sun cinye maka tuƙin safiyar nan kaf. Ban ce ka bar tuwo ba. Ka rage sukarin shayi rabi, ka bar lemon kwalba sai ranar biki, ka ƙara ganye da wake da kifin Binuwai gasasshe, sai kilon nan ya sauka cikin mako uku maimakon biyar.

Kada kuma sikeli ya zama alƙalinka shi kaɗai. Tun kafin nauyi ya motsa, zuciya na ƙara ƙarfi, jini na ɗan sauka, naman cinya na zuƙe sukari daga jini, barci na daɗa daɗi, zafin ran ofis na raguwa. Keke ya fi gudu sauƙi ga mai jiki, tunda sirdi ne ke ɗauke da nauyin, gwiwa ba ta shan dukan ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako. Ka karɓi awon tela ka auna cikinka daidai cibiya sau ɗaya a wata. Abin nema shi ne ya dawo ƙasa da rabin tsawonka.

Mako biyun farko minti 20 ya isa, kwana uku, a shimfiɗaɗɗiyar hanya. Daga nan ka riƙa ƙara minti biyar kowane mako. Hanyar Pitoa, garin nan na kusa da Garwa, ka bar ta sai wata na uku, kuma ba ranar kasuwa ba. Ma'aunin gudunka bakinka ne: in kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa, kana daidai, in kalma uku ta gagare ka, sassauta. A shekarunka 35, bugun zuciya tsakanin 110 da 140 a minti ya wadatar. Dafa jijiyar wuyan hannu, ka ƙirga na daƙiƙa 15, ka ninka huɗu.

Sirdi shi ne inda yawancin mutane ke cutar kansu. Suna sauke shi ƙasa don ƙafa ta taɓa ƙasa suna zaune, sai gaban gwiwa ya kama ciwo su ce keke bai karɓe su ba. Hau, ka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa. Ƙafar ta miƙe sarai ba tare da ƙugu ya karkata ba. In ka mayar da tafin gaban ƙafa kan fedar, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe kaɗan, haka ake so. In bayan gwiwa ne ke ciwo, ko ƙugu na rangaji, sirdin ya yi sama. Ya zauna a miƙe, kada hancinsa ya ɗaga, don yana danne jijiyoyin gaba har wurin ya mutu na ɗan lokaci. In kekenka mai giya ne, zaɓi mai laushi ƙafa ta riƙa juyawa sau 70 zuwa 80 a minti. Danna giya mai tauri a hankali gwiwa yake ci.

Zafin Garwa ba abin wasa ba ne. A Maris da Afrilu, da rana ke haura digiri 40, ka fita bayan sallar asuba ka dawo kafin takwas. Ka tafi da ruwa, rabin lita zuwa lita ɗaya kowace awa, kurɓi-kurɓi. Kilon da ka ga ya ɓace nan take bayan tuƙi gumi ne, ba kitse ba, ka mayar da shi da ruwa. Fitsari ja alama ce ruwan bai isa ba. Lokacin hunturu, ranar da hazo ya rufe gari, ka haƙura. Da azumi kuwa, rabin awa a hankali dab da magariba ko bayan tarawihi.

Kafin ka fita ka matsa taya da birki biyun. Taya mai sanyi na ƙara wahala kuma tana saurin faci, ga tsidau da ƙayar aduwa a gefen hanya, don haka famfo da kayan faci su zauna a jikin keken. Sarƙa ka goge ta da tsumma, ka ɗiga mai kaɗan; mai da yawa yashi yake tarawa ya cinye haƙoran. Ka bi hannun dama, da hular kwano da riga mai haske da fitila gaba da baya. Manyan motocin auduga ba sa ganin mai keke a gefensu, in sun taho ka sauka daga kwalta. Babbar riga kuma ba ta hawa keke, sarƙa za ta kama ta.

In ka ji ƙirji ya ɗaure, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe fiye da aikin da kake yi, sauka nan take ka je asibiti a ranar. Maganin hawan jinin kuma kada ka daina shi don ka ga lamba ta sauka, likita ne zai rage.

Bayan wata biyu ka aiko min da awon cikin da na jinin. Mahaifiyarka na gaishe ka, ta ce a shafa mata kan yara.

Mahaifinka.