Hajiya, wai ni ce na bushe

Assalamu alaikum Hajiya, ina sauraren shirinki daga nan Birni, Damagaram. Dan Allah kar a faɗi sunana.

Wallahi jiya ban runtsa ba. Ƙanwar maigidana ce ta zo, ina ɗaki ina jinta tana gaya ma maƙwabciyata wai Malam aure zai ƙara tunda ni na bushe. Hajiya wa ya gaya mata in ba shi ba? Shekara 27 muna tare, 'ya'ya 7, ban taɓa fitar da sirrinsa ba ko lokacin da kasuwa ta karye masa a kasuwar Dole ni na sai da awakina muka ci, amma shi abin shimfiɗarmu ya kai gidansu.

Bari in koma baya. Shekaruna 49, al'adata ta ɗauke ta fi shekara guda, sai gumi da dare ko cikin ɗari, sai kuma ni'ima ta tafi gaba ɗaya. In ya zo min ji nake kamar ana yanka ni da reza, washegari fitsari da raɗaɗi, sau biyu ma na ga ɗan jini. Shi kuma ba wasa ba lallashi, in na ce da zafi ya juya baya wai ƙinsa nake. Ni ban taɓa hana shi ba sai dai in ce ya yi haƙuri, shi ne laifin.

Ba zama na yi ba fa. Na sha tsumi, na sha gumba, jika nawa na kashe wajen mai kayan mata, ta ce in riƙa zama cikin ruwan bagaruwa, abin ya ƙara bushewa har da ƙaiƙayi. Daga baya na daure na je wajen ungozomar asibiti, ita ta ce ba ciwo ba ne ba sammu ba, wani sinadari ne wai estrojin yake raguwa in al'ada ta tsaya, fatar wajen sai ta yi siriri ta bushe. Ta hana ni matsi da wanke ciki da sabulu, ta ce in sayi jel mai ruwa a farmasi in shafa kafin kwanciya, in bai isa ba akwai man estrojin amma sai likita ya duba ni ya rubuta. Jinin na manta ban gaya mata ba.

Jel ɗin na saya, yana cikin akwati sati uku, ina tsoron ya gani ya ce a ina na koyo, mutum ne mai zargi.

To man estrojin ɗin nan in an fara har abada ne? Ko ma bar wannan Hajiya, in fito masa da jel ɗin ne ko in fara tambayarsa maganar da ƙanwarsa ta yi?