Zuwa ga Uwata, a kan maganar tabarau

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya kamar yadda muke nan. Innarki da ƙannenki suna gaishe ki. An gama yankan gero, saura riɗi.

Uwata, 'yar gidan Liman da ta dawo jinya ta faɗa wa Innarki cewa tun da aka koma makaranta tabarau ɗinki yana ƙasan akwati, wai 'yan ajinku suna kiranki ido huɗu. Wannan da sauƙi. Abin da ya hana ni barci shi ne wai wata ƙawarki ta ba ki maganin ɗigawa na kemis, ta ce zai wanke miki ido ki rabu da gilashi.

Me za a wanke? Kina zaune a 2022 likita a asibitin ido na ECWA a Kano ya zana mana a takarda. Ya ce ƙwayar idonki ce ta yi tsawo daga gaba zuwa baya, shi ya sa hoton abin da ke nesa yake haɗuwa tun bai kai bangon bayan ido ba, sai ki ga rubutun allo ya dagule. Ba datti ba ne, ba yana ba ce. Lambar gilashinki ta tashi daga -2.00 zuwa -3.50, na san kuma ana ce miki gilashin ne ya ƙara kashe idon. Ƙarya ne. Idon yana tsawo ne tare da girman jikinki, kuma yawanci sai wajen shekara 20 yake tsayawa. Ko ɗigon da ake rage saurin abin da shi, likitan ido ne yake rubuta shi bayan awo, ba ƙawa ba.

Cikin magungunan da ake sayarwa barkatai akwai masu sinadarin siteroid. Ja da ƙaiƙayi su tafi, mutum ya yi ta murna, alhali hawan jinin ido yana cin jijiyar gani a ɓoye, ba zafi ba komai. Abin da ya mutu a jijiyar nan kuwa ba ya dawowa. Ke kika riƙe wa Gwaggonki sanda ranar sunan ƙaninki. Ke kike cusa mata zare a allura har ta daina nema. Sai na tuna miki yadda nata ya faro? Wallahi in na rufe ido ke nake gani zaune a kan tabarmar nan tata a bakin ɗaki, kina tambaya wa ya shigo.

Saboda bakin yara za ki jefa kanki a wannan? Ragon da na kai kasuwar Maigatari ranar Alhamis, wanda muka yi wata bakwai muna kiwo don layya, kuɗinsa ne a fuskarki. Ban taɓa goranta miki ba, amma yau sai na faɗa. Waɗanda suke miki dariya ba su ne za su karanta miki takardar jarrabawa ba, ba kuma su za su ja ki ba.

Na san ni ma ina da nawa laifin. Shekara biyu kina ƙanƙance ido, kina manna littafi a hanci, ban gane ba. Ranar da Kawunki ya ɗaga miki hannu daga bakin rijiya kika wuce, na zane ki, na ɗauka girman kai ne. A garinmu wa ya san yaro yana rasa ganin nesa? Mu a wurinmu tabarau na tsofaffi ne masu karatun Alƙur'ani. Amma da na gane ban yi ƙasa a gwiwa ba. Ki yafe min wannan dukan.

To, ki fito da shi yau, ki goge da ƙyalle mai laushi, ba bakin hijabi mai ƙura ba. Ki roƙi malamar aji ta maido ki layin gaba. Littafi ya yi nisan kusan kamu ɗaya daga fuskarki, kuma duk minti 20 ki ɗaga kai ki kalli can nesa ta taga. Karatun tocila a cikin bargo ki bar shi. Likita ya ce hasken waje yana da amfani ga idon yara, kamar awa 2 a rana, don haka da la'asar ki fita gindin darbejiya maimakon ƙunshewa a ɗaki. Ƙannenki ma na hana su kwana a kan wayar Yayanki.

In kika ga wani abu kamar walƙiya a gefen ido, ko baƙaƙen ɗigo kamar ƙudaje sun yawaita farat ɗaya, ko duhu ya sauko kamar labule, kada ki jira hutu. Ki sa a kira ni a ranar.

Kwalbar nan kada ki yar da ita. Ki daina ɗigawa, ki ajiye min, zan kai wa likita ya ga ko mene ne, a kuma auna miki idon tunda shekara ta zagayo. Ina nan tafe ranar ziyara in Allah ya yarda. Innarki ta yi miki ƙuli-ƙuli da yaji, ta ce a faɗa miki gilashin yana miki kyau.

Allah ya yi miki albarka.

Ni ne mahaifinki,
daga ƙauye, ƙasar Gumel