Godiya ga ma'aikatan ƙaramin kilinik na unguwarmu, Sabon Gari, Damagaram

Assalamu alaikum. Ni tela ne, shekarata 47, kuma wallahi tunda nake ban taɓa taka ƙafa na je awon lafiya ba sai in masassara ta kada ni. Abin da ya canja min tunani shi ne yayana, muna zaune da shi bayan la'asar yana shan shayi lafiyarsa lau, washegari aka wayi gari ɓarin jikinsa na dama ya shanye, har yau sai an ɗaga shi an kwantar. Lokotoro ya ce hawan jini ne ya daɗe a jikinsa bai sani ba. Tun daga ranar uwargida ta sa ni gaba, kullum maganarta ɗaya, Malam ka je a duba ka.

To ranar Talata na hau kabu-kabu da sassafe ban karya ba, don an faɗa min awon sukari sai da ciki wayam. Ban da randebu, ban san kowa a wurin ba. Ina shiga yarinyar da ke bada tike ta ce Baba ina ke maka ciwo, na ce ƴata babu inda ke ciwo, so nake a duba ni gaba ɗaya. Na ɗauka za a ce in ba marasa lafiya wuri, don na taɓa raka wani wani wurin aka kore mu da irin wannan magana. Sai ta ce ai ka kyauta Baba, ta buɗe min karne, ta nuna min takardar da ke manne a bango mai kuɗin kowane awo, ta ba ni resi na abin da na biya.

Wanda nake so in fi yi wa godiya shi ne majo, wato babban ma'aikacin jinya na wurin. Bai ɗaura min abin awon tansiyo, wato awon hawan jini, nan take ba, cewa ya yi in zauna in huta minti biyar, bayana a jingine, ƙafafu a ƙasa, kar in yi magana. Ya tambaye ni ko na ci goro ko na sha shayi da safen, na ce a'a. Da ya zo ɗaurawa ya ga damtsena ya fi ƙarfin abin, sai ya tashi ya je ya ɗauko babba, ya ce in abin ya matse hannu lambar ƙaruwa take ta ba da ƙarya. Ya auna dama ya auna hagu. Tansiyo ya fito 16/10. Jikina ya yi sanyi, yayana kawai nake gani a idona, shi kuwa ya dafa kafaɗata ya ce Malam kwantar da hankalinka, awo ɗaya ba ya yanke hukunci, sai ka dawo wasu ranakun mun sake.

Suka auna nauyina da tsayina, a labo suka ɗibi jini da fitsari. Sukari ya fito 0,98, lokotoro ta ce alhamdulillah wannan daidai yake, sai ya kai 1,26 ba a ci komai ba, kuma an maimaita, ake zancen ciwon sukari. Ta ce a yi min na ciwon hanta ma, shi ma babu komai. Kuma duk bayanin nan da Hausa ta yi min shi, ba Faransancin da za ka fita kana tambayar na waje me aka ce ba. Ta ce tansiyo mai kyau wajen 12/8 ne, daga 14/9 zuwa sama kuwa hawan jini ne, kuma yawanci ba ya sallama, mutum na yawonsa yana ɓata masa zuciya da ƙoda. Ta tambaye ni abin da ake sa wa miya a gidana, gishiri, dunƙule nawa, kanwa fa, kilishi sau nawa a sati, awa nawa nake yi a kan keken ɗinki ban miƙe ba. Babu faɗa babu wulaƙanci, kamar ƙanwata ce ke min magana.

Na koma sau biyu cikin satin, 15/10 da 16/9, sannan ta rubuta min ordonansi, ƙwaya ɗaya kowace safiya, ta ce kar in daina don na ji sauƙi, kuma in akwai buƙatar awon zuciya za ta ba ni takarda zuwa babban asibitin Damagaram. Ba ta tilasta ni sayen magani a wurinsu ba, cewa ta yi duk farmasin da na samu.

Yau wata biyu ke nan, jiya majo ya auna 13/8. Uwargida ta rage gishiri, ni kuma bayan asuba ina takawa har Birni in dawo da ƙafa kafin in buɗe shago. Lokotoro, majo, ƴan labo, ƴata mai tike, har da baba mai shara da ya nuna min inda zan kai fitsarin, na gode, Allah ya saka muku da alheri ya jiƙan magabatanku. Ranar Asabar in sha Allah zan kawo muku uwargida da ƙanena, na riga na faɗa musu kar su karya.