Wasiƙa daga Jidda kan ranar da jirginku zai tsaya

Jidda, Saudiyya

Zuwa ga aminina Alhaji Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Hajiya da yara da duk mutanen Kano. Mu ma nan alhamdu lillahi.

Saƙonka ya iso, kuma na yi murna ƙwarai da jin cewa jirgin ruwan yawon shaƙatawar da za ku hau zai kwana ɗaya a Jidda. Amma maganar da ka yi ta cewa za ku sauka da safe, ku kwashi yara ku yi Umara a Makka, ku dawo kafin jirgi ya tashi, ita ce ta hana ni yin shiru. Don Allah ka sake tunani.

A taswira abin kamar kusa ne, tsakanin Jidda da Makka wajen kilomita 80, ga kuma jirgin ƙasa na Haramain da aka buɗe a 2018. Sai dai ranar matafiyin jirgin ruwa gajeruwa ce. Fitowa daga tashar ma aiki ne, don babbar tashar kaya ce, ba a barin mutum ya taka da ƙafa, sai motar da aka tanada. Ga harami, wanda tun a teku za ku ɗaura idan jirgi ya zo daidai da miƙati, Juhfa in daga arewa kuka fito, Yalamlam in daga kudu. Sannan ɗawafi da sa'ayi da yaro ɗan shekara huɗu a kafaɗa, ido yana kan agogo. Jirgi kuwa ba ya jiran wanda ya fita da kansa ya makara. Ban so ganin farko da yaranka za su yi wa Ka'aba ya zama na gudu da kuka. Ka ware wa Umara tafiyarta daban, masauki yana gidana.

Wannan ranar ka ba ni ita, in kai ku tsohon garin Jidda, wanda ake kira Balad. Bai da nisa da tashar. Tun zamanin Halifa Usmanu ɗan Affan, a shekara ta 26 bayan Hijira, Jidda ta zama mashigar Makka ta teku, kuma ta nan kakanninmu da suka taka daga ƙasar Hausa har Sawakin suka riƙa sauka bayan sun ƙetare Bahar Maliya. UNESCO ta sa unguwar cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. Ni duk sanda na shiga lungunan nan sai na tuna da mutanen da suka yi shekaru a hanya kafin su ga waɗannan gidaje.

Da ƙanena ya zo da nasa iyalin, can muka kai su. Ƙaramarsu, Ummi, ta tsaya jikin wani bango tana ƙwaƙule da ɗan yatsa, sai ga ɓawon kifin teku a cikin dutsen. Da dutsen murjani da ake haƙowa daga gaɓar teku aka gina gidajen, shi ya sa. Yarinyar nan ta daɗe tana bin bango tana nema, mu kuma muka bar ta. Manyan kuwa tagogin katakon nan masu ɓula-ɓula, rawashin, su suka ɗauke musu hankali, suna tambaya ko akwai mai leƙensu daga ciki. A ƙofar gidan Nasif, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka a 1925, akwai wata tsohuwar bishiya da a da ake kwatancen gidan da ita, don babu irinta a garin. Yara suna gani suka ce ai darbejiya ce, irin ta ƙofar gidansu. Ita ce kuwa.

Abin da zan gaya maka shi ne zafi. Ko a lokacin sanyi, rana tana takewa da azahar, kuma yawancin shagunan Balad sai bayan la'asar suke buɗewa sosai. Saboda haka ku fito da sassafe, mu karya da ful, wato dafaffen wake, da gurasar tamis mai zafi, mu zaga kafin rana ta ɗaga, mu yi azahar a masallacin Shafi'i, sannan mu koma inda akwai sanyi yara su ci abinci su ɗan kwanta. Na san za su nemi soyayyar kazar Albaik, za a saya musu. Hajiya ta taho da ruwa, hula, da kayan canji na ƙaramin. Keken turawa yana wahala a wasu lungunan, zani na goyo ya fi. Kowane yaro a sa masa takarda a aljihu mai sunan jirgi da lambar wayata.

In jirgin zai kai dare, sai mu leƙa bakin teku su ga maɓuɓɓugar Sarki Fahad, mai harba ruwa sama da mita 250. In ba zai kai ba, mu haƙura da ita. Ina so in mayar da ku tasha da sauran awa biyu a hannu.

Ka tambayi kamfanin jirgin batun bizar sauka tun yanzu, ka kuma turo mini ranar isowa da lokacin da suka ce kowa ya koma ciki, in nemi hutu a wurin aiki. Maman Abba tana gaida Hajiya, ta ce a taho mata da daddawa da kuka in da hali.

Ka gaida Baba da kyau, ka ce ina neman addu'a.

Naka,
Habibu