A Tuna da 'Yan Fansho a Gyaran Albashi

Ya Edita,

Ina neman fili in yi magana kan mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, alhali fanshona bai motsa ba.

Shekara 35 na yi riƙe da alli, kuma a da albashina kan cika mini rumbu da gero. Tun da aka janye tallafin mai a 2023, nakan auno tiya biyu a kasuwa, in haƙura da maganin hawan jini. Wannan zalunci ne.

Sashe na 210 na Tsarin Mulki ya ce a duba fansho duk shekara 5, ko duk sa'ad da aka gyara albashi. Ina roƙon wakilanmu su tsaya a aiwatar da shi tun muna raye.

Tsohon malamin firamare,
Sakkwato