Katin taƙaita shekara: a gwada shi a ƙaramar waya kafin a sake shi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mu yi magana da 'yan'uwanmu masu zane a kwamfuta, da masu shafukan labarai da manhajojin Hausa, tunda Disamba ta ƙarato. A Disamba ne manhajoji ke nuna wa kowane mai amfani da su, a kan katin hoto, taƙaitaccen abin da ya karanta ko ya saurara a shekara. Manhajar sauraron waƙoƙi ta Spotify ce ta yi suna da wannan al'ada ta hanyar tsarinta mai suna Wrapped tun 2016, yanzu kuma namu na gida sun fara sha'awar yi.

Kuskuren farko shi ne a ɗauki aikin kamar fasta. Fasta guda ɗaya ce, mai zane ya ga abinsa kafin a buga. Wannan kuwa ƙwarangwal ne da kwamfuta za ta cusa wa suna da lissafin dubban mutane, mai zanen bai ga ko ɗaya ba. Don haka kada a gwada shi da suna gajere irin Ali. A sa suna mai sassa uku, irin wanda ke cika layi ya zubo, a ga ko zai hau kan hoto. A gwada lamba 7, a gwada 148,000. A gwada kuma sifili, domin akwai wanda ya yi rajista jiya, kuma katin da ya ce masa "ka karanta labari 0" cin fuska ne. Shi a yi masa wani kati daban mai nuna abin da jama'a suka fi karantawa.

Sai haruffanmu masu lanƙwasa, inda yawancin ayyuka ke faɗuwa. Salon rubutun kwalliya da dama ba su da ɓ, ɗ da ƙ. Wani lokaci ɗan akwati ne zai fito a gurbin harafin, wani lokaci kuma kwamfuta ta aro shi daga wani salo, sai ka ga ƙ ɗin siriri a tsakiyar kalma mai kauri kamar baƙo a gidan biki. Kafin a zaɓi salo a rubuta "ƙarshen shekara", "ɗalibi" da "ɓangare" da ƙananan baƙaƙe da manya, domin wani salon yana da ƙ amma ba shi da Ƙ. Salon rubutu na Noto Sans da na Andika suna da su duka, kuma kyauta ne. Idan ana son masu karatu na Nijar, a duba ƴ ma, tunda su da shi suke rubuta abin da muke rubutawa da 'y. Cire lanƙwasa ba mafita ba ce: kafa da ƙafa ba ɗaya ba ne.

Mutanenmu a sitatus na WhatsApp za su ɗora katin, saboda haka girmansa ya zama fiksel (ɗigon da ake auna hoto da shi) 1080 a faɗi, 1920 a tsayi. A bar kimanin 250 sama da ƙasa ba rubutu, domin nan ne sunan mai sitatus da wurin amsawa ke rufewa. A yi wani na kwance, 1200 da 630, wanda zai fito idan an tura adireshin shafin. WhatsApp yana matse hoto, kuma abin da ya fi shan wahala shi ne siririn jan rubutu da launin da ke narkewa cikin wani launi, sai su fito da dabbare-dabbare. Maganin shi ne launi tsayayye, biyu ko uku, da rubutu mai kauri. Bambancin hasken rubutu da na bayansa kada ya gaza 4.5 bisa 1, kamar yadda WCAG, ƙa'idar sauƙaƙa amfani da shafukan intanet, ta tanada. Wanda ya zana a babbar kwamfuta cikin ɗaki mai sanyi, ya tura katin zuwa tsohuwar itel ko Tecno, ya fita bakin titin PZ na Zariya da rana tsaka ya ga ko zai karantu. Kati ɗaya, lamba ɗaya babba, jimla ɗaya. Bidiyo mai motsi kuwa cin data ne, a bar shi ga talla.

Batun kwalliya, ba mu ga dalilin kwaikwayon launukan Spotify ba alhali muna zaune a Zariya. Ga zanen ƙofar fadar Zazzau, ga aska takwas ta babbar riga, ga bakunan ginin masallacin Juma'a da Babban Gwani ya gina. Ɗaliban da suka kafa ƙungiyar zane ta Zariya a 1958, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, kiran da suka yi ke nan, a haɗa fasahar gida da kayan aikin zamani. Sai dai a yi hankali, dagin Arewa an liƙa shi a kowane kati har ya gaji, kuma zane mai ƙananan layuka yana cakuɗewa idan an matse shi. A ɗauki siffa ɗaya, a faɗaɗa ta, a bar mata gefe.

Akwai kuma abin da ya fi launi nauyi. A Disambar 2014 Facebook ta ɗauko hoton 'yar wani mai zanen shafuka a Amurka, yarinyar da ta rasu a shekarar, ta kewaye shi da zanen masu shagali ta nuna wa uban, har sai da aka ba shi haƙuri. Kwamfuta ba ta san hoton da aka fi taɓawa na ta'aziyya ne ba. Don haka a tambayi mutum ko yana son gani kafin a buɗe masa, a cire labaran rasuwa da na hare-hare daga jerin da za a yi wa ado, a kuma ba shi damar ɓoye sunansa ko wani kati kafin ya tura. Kalmomin ma a sassauta, "ga shekararka" ta fi "shekararka ta yi daɗi".

A kammala zane a tsakiyar Nuwamba, a bar mako biyu na gwaji da bayanan gaske a wayoyi aƙalla biyar. Shafin da masu karatunsa ke bin kalandar Hijira kuma ya tanadi kwafin da za a sauya wa kwanan wata idan Muharram ta zo.

Wassalam.

Wasu masu zane a kwamfuta,
Samaru, Zariya